Tsummokara Goma Sha Tara

Ranar wata Asabar ce cikin watan Agusta, a dogon hutun shekarar da na gama aji uku, kwana takwas bayan an binne ƙanena Bashir. An aike ni kai niƙa bayan azahar. Na dawo da roba a kai, ina fitowa daga zaure zuwa tsakar gida sai na tsaya cik. Igiyar shanyarmu, wadda ta tashi daga bishiyar gwaba zuwa ƙusar bangon kicin, cike take da tsummokara masu launi, an wanke su tas, an jera su ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana ɗiga daga bakinsu. Ba sai na ƙirga ba, amma na ƙirga. Goma sha tara. Mahaifiyata, Umma, tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, tafin hannunta ya yi fari saboda sabulu, idonta a ƙasa. Na san inda ta samo su, domin ni na ɓoye su. Na tsaya da niƙan a kaina ina jiran duka, ko faɗa, ko da tambaya ce. Ba ta ɗago ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "In sun sha iska ki kwashe, hadari yana haɗowa."

Gidanmu a Limancin Kona yake, gidan ƙasa mai zaure ɗaya, da rijiya a tsakiya, da ɗan fili a baya inda ake shuka masara da kuɓewa kowace damina. Baba ɗinkin manyan riguna yake yi, kullum yana zaure da allura da zare, ba ya shiga cikin gida sai lokacin abinci. Mahaifiyarsa, Kaka, tana tare da mu, yanar ido ta rufe mata gani har ba ta bambance mutum sai da murya. Umma kuwa tana buga tafireta a wani ofishin gwamnati can wajen Ƙofar Doka, ta fita da safe ta dawo bayan ƙarfe biyu. Ni ce 'yar fari, don haka bisa al'ada Umma ba ta kiran sunana, ba ta kuma sakin jiki da ni a gaban mutane. "Ke" take ce mini, ko "yarinyar nan". Tsakanina da Bashir shekara takwas ne, babu kowa a tsakani, shi ya sa da ya zo gidan ya zama kamar an buɗe masa taga.

Kafin a haife shi Umma ta sayo nafkin farare guda goma sha biyu, irin masu kaurin tawul, da manyan fil na maƙalewa da wandon roba. A wurin matan ofishinsu ta gani. Kaka ta shafa ɗaya da hannu, ta ce ita 'ya'ya bakwai ta raina da yagin tsohon zani, babu wanda ya fito da ƙafa uku. Duk da haka ta sa aka yayyaga mata tsofaffin zannuwanta, ta tara su a kwando a ƙarƙashin gadonta, wai ko wata rana za a neme su. Umma ba ta yi gardama ba, ba ta kuma taɓa kwandon ba. Ita fari take so, domin fari ba ya ɓoye komai. Kullum in ta dawo daga aiki, kafin ta cire mayafi, kafin ta sha ruwa, sai ta tsaya a gaban igiya ta ƙirga abin da aka shanya, leɓenta yana motsi. Huɗu ko biyar, lafiya ke nan. Wani lokaci ta ɗaga ɗaya ta duba shi a hasken rana. Takan ce, "Yaro ba shi da baki, wankinsa ke yi masa magana."

Lokacin makaranta wata maƙwabciyarmu ke taya Kaka riƙon Bashir. Da aka ba da hutu, aikin ya dawo kaina. Yana da wata takwas, ya fara rarrafe, yana bin kaji har bakin rijiya. In ya ɓata jikinsa, Kaka ce ke fara sani da hanci, sai ta ƙwala mini kira: "Rakiya, zo ki karɓi maigidan nan nawa. Cefane bai taɓa kawowa ba, sai wanki." Wankin nafkin ba ƙaramin aiki ba ne ga 'yar shekara tara. Sai a kankare da tsinke a bayan gida, a ɗauraye, a jiƙa a bokiti, a saɓa da sabulu, a tafasa a tsohuwar garwa a kan murhu, a sake ɗaurayewa, sannan a sa bula. Kowane ɗaya yana cin guga biyu na ruwa, igiyar gugan kuwa ta kaba ce, tana cin tafin hannu. Ga damina, rana ta leƙo ta koma, wani lokaci sai an kewaye murhu da su, yaro ya yini yana ƙanshin hayaƙi. Ban tsani aikin ba. Ina son in ga sun jeru fari fat, Umma ta duba ta gyaɗa kai, wanda shi ne iyakar yabon da 'yar fari ke samu.

A makon da abin ya faru, 'yan matan layinmu suna bikin 'yar tsana. Mun yi kusan wata muna shiri. An yi amarya da ƙashin ƙafar saniya, an yi mata kitso da zaren da na tsinto a zauren Baba, an haɗa mata gado da karan dawa, an jera mata marufan kwalba a matsayin kwanoni. Kwana uku za a yi, da kamu da lalle da kai amarya, a soron gidan su ƙawata Hajara, kuma ni aka naɗa uwar amarya. Ban taɓa riƙe muƙami a wasa ba sai ranar.

Ranar Litinin cikin Bashir ya ɓaci. Kafin hantsi na wanke nafkin huɗu, ga kiɗan gwangwani yana tasowa daga gidan su Hajara. Da ya sake yi, na tsaya ina kallon rijiya, sai na tuna da kwandon Kaka. Na jawo tsumma ɗaya na ɗaura masa. Da ya ɓata shi, na naɗe na kai bayan gida, inda wata tsohuwar randa mai tsaga take kife a gindin masara, na tura a ƙarƙashinta. Niyyata in wanke gobe. Ranar guda huɗu na tura. Kaka ta sa yatsa a bakinsa ta ji dasashi ya kumbura, ta ce, "Haƙori ba ya fitowa kyauta." Wannan magana ta kwantar mini da hankali, na goya shi na tafi wurin kamu. Umma ta dawo ta ƙirga huɗu a kan igiya.

Ranar Talata guda shida na tura. Da yamma Umma ta canza masa da kanta, ta ga abin ruwa ne tsululu. Kaka ta sake cewa haƙori ne, ta lissafa 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da irin zawon da kowa ya yi. Umma ta tashi da yaron a kafaɗa, ta je gaban igiya, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke, waɗannan su ke nan duka na yau?"

"Su ke nan, Umma."

Ta ce, "To, bari mu ga gobe."

Na sha juya wannan amsa a raina fiye da kowace magana da na taɓa furtawa. Ban yi ta don mugunta ba. Tsoron faɗa ne, da kuma kai amaryar da za a yi washegari. A lissafina na yarinya, wanki na ɓoye, ba ciwo ba.

Ranar Laraba guda tara. Bashir ya daina bin kaji. Na goya shi zuwa kai amarya, kansa yana lilo a bayana, na ɗauka barci yake ji, har na ji daɗi da bai dame ni da kuka ba. Da Umma ta dawo ba ta ko kalli igiya ba, domin tun daga zaure ta ga idanunsa sun zurma. Ta shafa tsakar kansa ta ji maɗiga ta faɗa. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ɗura masa da cokali, yana dawo da shi. Da sassafe ranar Alhamis Baba ya samo mota aka tafi asibiti. An ce sun yi ta neman jijiyar da za a sa masa ƙarin ruwa, daga hannu har ka. Ya kwana ɗaya. Ranar Juma'a da hantsi Baba ya shigo da shi a naɗe cikin zanin goyon Umma, kafin a tafi masallaci an kai shi. Kaka ta zauna a ƙofar ɗakinta tana cewa, "Maigida, ni ya kamata ka raka, ba ni zan raka ka ba."

Kwana bakwai gidan yana cike da masu gaisuwa, kowa yana cewa kwanansa ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka har yau. Amma kullum in na zaga bayan gida sai in ga randar nan a gindin masara, ƙudaje suna kewaya ta, in kasa matsawa kusa. Washegarin addu'ar bakwai, da baƙi suka watse, Umma ta ɗauki tsintsiya ta bi gidan lungu-lungu, har ta kai ga randar. Abin da na tarar ke nan da na dawo daga niƙa. Na kwashe tsummokaran kafin ruwa ya sauko, na ninke, na rasa inda zan kai. Ta karɓa ta sa a ƙasan akwatinta tare da fararen. Ba ta gaya wa Baba ba, ba ta gaya wa Kaka ba, har suka bar duniya. Ni ma ba ta sake ce mini komai ba. Ta ci gaba da yi mini kitso ranar Juma'a, tana zuba mini abinci, tana duba littattafaina. Da ta doke ni a ranar, ina jin da abin ya fi mini sauƙi. Na girma ina aunawa, ko shirun nan yafiya ne, ko kuwa hukunci ne da ba shi da ranar ƙarewa.

Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka na haifi 'yata ta fari a gidan aurena a Tudun Jukun. Na fara da ƙunzugun zamani, wanda ake saya a leda a yi amfani da shi sau ɗaya a yar. Bai karɓe ta ba, cinyoyinta suka yi ja suka saɓule, ma'aikaciyar jinya ta ce in gwada na yadi. Da ƙyar na samo nafkin a kasuwa, mai shagon yana mamaki wai har yanzu akwai masu nema. Ranar da na fara shanya su, na tsinci kaina a gaban igiya ina ƙirgawa. Ko 'yar aiki ban yarda ta taɓa su ba, mijina yana yi mini dariya, bai san dalili ba.

Wata rana Umma ta zo duba jikarta. Ta tsufa, gwiwa ta hana ta tafiya sosai. Tana shigowa, kafin ta cire mayafi, ta tsaya a gaban igiyata, leɓenta yana motsi. Na kawo mata ruwa, muka zauna a inuwa, yarinyar tana barci a cinyarta. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta.

"Umma, tsummokaran nan na ƙarƙashin randa."

Ta daɗe tana shafa kan jaririyar, yatsanta a kan maɗiga.

"Shekararki tara," in ji ta. "Ni kuwa yaron yana kafaɗata, ina jin zafin jikinsa, na je ina tambayar igiya."

Sai a lokacin na gane cewa shirun da na yi shekaru ina ɗauka nawa ne, ita ma nata take ɗauke da shi. Kowace a cikinmu ta zaci ɗayar tana yi mata kawaici ne. Na so in ce wani abu, ita ma na ga kamar tana so, amma yarinyar ta motsa, Umma ta ce in duba ko ta jiƙe. Ba mu sake komawa kan zancen ba. Bayan rasuwarta, da muka buɗe akwatin, suna nan a ƙasa, launinsu ya koɗe, ninkin da na yi musu bai warware ba.

Yanzu in na bi ta unguwarmu ta dā, ba na ganin farar shanya ta saman katanga. An sare gwabar, an rufe rijiyar da siminti, filin masara ya zama ɗakunan haya. A dā mai wucewa ma yakan san gidan da ke da jariri, har ya san ko lafiya yake. Yau abin yana cikin leda, a ƙulle a kai bola, babu mai gani balle ya ƙirga, uwaye sun huta da guga da garwa, kuma ba na yi musu baƙin cikin hutun. 'Yata tana da shekara tara bana. Jiya na tsaya ina kallon hannayenta tana wanke safarta ta makaranta a bakin famfo.

Ashe haka hannayena suke a lokacin, ƙanana.