Ranar da Na Gyara wa Baba Kwamfuta

Mu 'yan tsiraru ne masu ƙwaƙular tsofaffin kwamfutoci don sha'awa, a Jega da Aliero da Maiyama. A kowane gari mun ajiye kwamfuta guda da muke kira allo. Ka rubuta saƙonka a allon garinku, da yamma allunan su kira juna su yi musayar abin da aka tara. Mutane suna mana dariya, ga wayar hannu ta sauƙaƙa komai, mu dai abin yana mana daɗi. Ni nake riƙe da allon Jega, kuma son tsarina ya yi yawa. Matata takan ce ko takalma na gani a karkace a ƙofar masallaci sai na tsaya na jera su.

Akwai ƙa'idar da masu irin wannan allo suke bi a ko'ina. Kowane saƙo da lambarsa, amsa kuma dole ta ɗauko lambar saƙon da take amsawa. Da haka manhaja take jera zance, amsa a ƙarƙashin tambaya, ba a rikice.

Mai allon Maiyama wani dattijo ne, tsohon malamin gona, duk Baba muke ce masa. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse birane, allon nan ne majalisarsa. Manhajarsa shi ya rubuta ta da hannunsa bayan ya bar aiki, kuma ba ta ɗauko lambar kowa. Ba ta ma buƙata, don Baba ba ya amsa wa mutum ɗaya. Sai ya karanta na kowa, sannan ya buɗe dogon saƙo guda da sallama. Ya gaida mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mai jiki, ya ba wani manomin Aliero shawara kan albasarsa da ke ruɓewa a rumbu, ya juyo kaina ya tsokane ni kan farashin gero a kasuwarmu kamar ni na sa shi. Saƙon sai ya faɗo shi kaɗai a tsakiyar allo, ba ya ƙarƙashin komai.

Ni abin yana ci mini rai. Na yi ta mita har na shawo kan sauran muka yanke cewa duk manhajar da ba ta bin ƙa'ida za a daina karɓar saƙonta. Ban ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya san da wa nake.

Ranar kasuwar Jega sai ga Baba a bayan ɗan acaɓa, ya rungume kwamfutar a cinya, an naɗe ta da zane. Ya sauko yana dafa ƙugu.

"Ga ta nan, ɗana," ya ce. "Ka yi mata abin da kunka ce. Ba ni son a rufe min ƙofa."

Na ba shi ruwa, na shiga aiki ina jin kaina. Na duba manhajarsa na ga ɗinke-ɗinke ce kawai, gyaranta zai ɗauke ni kwanaki. Wurin ajiya a cikin kwamfutar kuma ya yi kaɗan, ba zai ɗauki manhaja biyu ba. Sai na goge ta na ɗora irin tamu. Yana zaune a tabarma yana kallona, har da sa mini albarka.

Sabuwar manhajar tana tambayar mutum wane saƙo zai amsa kafin ta bar shi ya rubuta. Baba ya yi biyayya. Amsoshinsa suka fara zuwa daidai inda ya kamata: "To, madalla." "Allah shi sawwaƙe." "Na gani." Allo ya yi tsaf yadda nake so. Sai dai na wayi gari ina buɗe shi da yamma ba na ɗoki. Daga baya ma gajerun amsoshin suka ja baya, sai a yi mako ba a ji shi ba.

Bayan girbi na hau mota na tafi Maiyama. Na same shi a ƙofar gida shi kaɗai, rediyo a gefensa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen allo ɗaya bayan ɗaya, har da albasar Aliero. Na ce masa an daina jin sa.

"Ina karantawa kullum," ya ce. "Amma abin ga sai shi ce in zaɓi mutum guda. Ni ko ban iya shiga majalisa in yi ma mutum guda magana, in bar saura zaune ba."

Kunya ta rufe ni. Na ce ya koma yadda yake yi da, ni zan janye dokar, zan kuma yi wa sauran bayani. Na ce ya mayar da tsohuwar manhajarsa, mu karɓe ta haka nan.

Ya yi murmushi, babu ko alamar fushi a fuskarsa. Da ma ya yi fushin, da na fi samun sauƙi.

"Wace tsohuwa, ɗana? Guda ɗai gare ni, ita ce kag goge rannan."