Hannun Surukina da Malamin Ƙarfi

Ana sallame asuba muka bar Funtua, ni da surukina da jaki ɗaya, shi a sama, ni a ƙasa riƙe da igiya. Matata ce ta tasa ni gaba da kuka. Tun bara hannun mahaifinta na dama ya kama rawa, ga shi ya daina cin abinci, ya rame har riga ta yi masa yawa. An yi turare, an sha rubutu, shiru kake ji. Na ce to, ko a bangon duniya mai maganin yake, sai mun je.

Dawa ta fid da kai hagu da dama, hanya sai santsi. Jakin nan kuwa, Allah ya isa, duk gonar da ya gani sai ya tsaya gaisuwa. A Bakori muka tarar kasuwa na ci, gyaɗa kamar kyauta, gishiri kuma sai ka rantse zinariya ake aunawa. Na sayi fura na ajiye wa Baba a gindin tsamiya, na zaga baya yadda suruki ke yi. Da na dawo, ƙwarya na nan yadda na bar ta.

Wani mai magani a kasuwar ya tambaye ni, "Hannun nan, yana zaune yake rawa, ko sai ya miƙa shi zai ɗauki abu?" Na ce oho. A Tsiga wata tsohuwa mai sassaƙe ta yi mini tambayar nan sak. Na ce wai haɗa baki kuka yi? Ta ce a'a, rijiya ɗaya suka sha. Akwai malami a Ƙarfi da ya ƙarar da rayuwarsa kan ciwon rawar jiki, ɗalibansa sun bazu har ƙasar Zazzau, kuma dokarsa ita ce ba a ba da magani sai an zauna an kalli mai ciwo.

Muka shiga ƙasar Malumfashi, ruwa ya yi mana dukan tsiya, muka isa Ƙarfi sharkaf. Zauren malamin cike yake, ga mai girgiza kai, ga mai tafiya kamar ana tura shi, ɗalibai na gefe sun zuba ido. Malamin ɗan tsoho ne, ba ya ɗaga murya. Ya sa Baba ya taka, ya juyo, ya zauna. Sannan ya sa aka kawo kunu, ya ce ya sha.

Na miƙe zan fita.

Ya ce, "Ina zuwa?"

"Allah gafarta Malam, surukina ne."

"Na sani. Zauna. Ni a nan za ku bar ni, kai ne za ka koma da shi."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Baba ya zaro hannu daga cikin riga ya ɗauki ludayi. Kafin ya kai baki rabi ya zube a gemu, sauran a cinya. Ya ajiye, ya sunkuyar da kai. Ashe ba abincin yake ƙi ba, dattijo ne ba ya so a ga ya ɓata rigarsa. Tausayi ya kama ni har idona ya kawo ruwa.

Malam ya juya ga ɗalibansa ya ce su lura, wannan rawar sai an miƙa hannu take tashi, ba irin ta mai rawa a zaune ba ce. Mu kuma ya gaya mana gaskiya, ba shi da maganin da zai tsayar da ita, amma ba ta kisa. "Yunwa ce ke kashe masu ita, kunya ke jawo ta." Ya ce a riƙa dama kunu da kauri, kada a cika ludayi, a rage goro. Ranar da hannun ya ƙi, wani ya riƙe masa wuyan hannu. Ya dube ni.

Na matsa na riƙe. Nawa hannun ya fi nasa rawa, har Malam ya ce ko ni ma a duba ni. Baba ya shanye kunun tas.

Mun dawo gida lafiya, duk zangon da muka sauka tare muka ci. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, kunyar da za ta bar mutum da yunwa ba tarbiyya ba ce. Yanzu unguwa ta ɗauka wai na zubar da mutunci, ina cin tuwo akushi ɗaya da surukina. Su yi ta faɗa, ba zan fasa ba. Jiya na makara a gona, sai ga matata ta biyo ni da saƙon Baba: "A gaya masa tuwo na hucewa, ni kuma yunwa nake ji."