Kamu Ashirin da Biyu na Wayar Hita

Kawuna mai gyaran kayan wuta ne, ƙanen mahaifiyata. Shagonsa ɗan lungu ne tsakanin tela da mai faci, cike da matattun fankoki da dutsen guga. 'Yan layin suna ce masa Bari-in-lissafa, don ko fis za ka canza sai ya zaro fensir daga bayan kunne ya yi rubutu a kan kwali. Ni kuwa Uwar Gaggawa yake kirana, kuma ban taɓa musa sunan ba.

Shi ya haɗa mini injin ƙyanƙyasa da tsohon firij, da wayar hita a ciki, da ramukan iska da nake buɗewa in rufe ina duba ma'aunin zafi. Na zuba ƙwai ɗari uku, jarina kaf. Saura kwana uku a ƙyanƙyashe, da hantsi na sa hannu na ji sanyi ƙalau. Wayar ta ƙone daidai tsakiya. Innalillahi! Na jera kwalaben ruwan zafi a ciki, na lulluɓe da bargo, na tari mai babur na je na ɗauko Kawu.

Yana zuwa ya nemi kujera ya zauna. Zama fa! Na ce, "Kawu, ku yanke rabin da ya lalace ku jona sauran mana. In ta gajarce ai zafin raguwa zai yi, na toshe ramukan iska shi ke nan."

Ya ce, "'Yar nan, dafaffen ƙwai kike sayarwa?"

Ya miƙo mini fensir, wai ya manta tabarau a shago, ni zan rubuta. Wallahi kamar in yi kuka. Ya ce wutar gida bolt ɗari biyu da ashirin ce, ita ke turowa. Injin kuma rabin amfiya yake sha, wato yawan wutar da ke bi ta wayar. "Ninka su." Na ninka, ya ba ni ɗari da goma. Ya ce, "To wat ɗari da goma, zafin da ƙwanki suka saba da shi ke nan. Yanzu raba bolt ɗin da amfiyar." Na samu ɗari huɗu da arba'in. Ya ce wannan ita ce turjiyar wayar, yadda take tare wa wuta hanya, da om ake auna ta.

"In na bi taki na yanke rabi fa?"

Na rubuta ina huci. Om ɗari biyu da ashirin. Wutar za ta koma amfiya ɗaya cur. Wat ɗari biyu da ashirin, ninki biyu. Ashe da ni kaɗai ce da tuni na gasa 'ya'yan nan da hannuna.

Ya ciro naɗin sabuwar waya daga jaka, ya auna kamu ɗaya daga gwiwar hannunsa zuwa yatsa, ya ɗora mitarsa ta auna turjiya. "Karanta." Om ashirin. Ya ce in raba ɗari huɗu da arba'in da ashirin. Kamu ashirin da biyu. Ya auna su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa a bayyane, ni ina leƙa bargo ina taɓa ƙwai kamar mai jinya. Da ya gama ya sake sa ni karanta mita, na ga ɗari huɗu da goma, na ce, "Ai ya isa, Kawu!" Ko kallona bai yi ba. Ya ƙara kamu ɗaya da rabi kafin ya yanke, ya naɗe ta a jikin ƙusa zagaye-zagaye da yatsun nan nasa masu kanta, ya ɗaura a mazauninta. Sauri ya haifi nawa, in ji shi, ya kunna.

Kwana ukun nan ban ci abincin kirki ba. Ran na uku shiru. Maigidana har ya fara yi mini jaje da ido. Ran na huɗu da safe ina shara na ji tsiyau-tsiyau daga cikin firij, na yar da tsintsiya na yi guɗa ni kaɗai kamar wadda ta taɓu. Ɗari biyu da sittin da ɗaya suka fito.

Na zaɓi guda biyar na sa a kwali na kai masa shago. Yana zaune da tabaransa a fuska, fensir a bayan kunne. Na ɗora masa ɗaya a tafin hannu, ya rufe shi da ɗaya hannun, ya kai shi kusa da kumatu yana jin ɗuminsa, yana murmushi. Na ce, "Kawu, aikinku ke nan."

Ya ɗaga ɗan tsakon dab da tabaran, ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ce, "'Yar nan, wane launi ne?"