Rakiyar Hajja Kaltume

Cikin ranakun da na yi riƙe da lasifika a unguwar Misfala ta Makka, akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba. Wata Talata ce a goman tsakiya na watan azumi, bayan sallar la'asar. A bakin shingen da ke kan hanyar Harami akwai Mulazim Abu Nawaf da askarawansa, sai ni. Ina ba da labarin ne saboda ku sababbin tafintoci da za a raba wa wuraren aiki a wannan mako.

Kafin in zo Makka na yi shekaru ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Kano. Da na ajiye aiki sai wani ofishin hidimar alhazai ya ɗauke ni tafinta, kuma a lokacin cunkoso akan ba da aronmu ga jami'an da ke kula da zirga-zirgar jama'a. Mulazim ƙaramin hafsa ne, kwatankwacin laftanar a wajenmu. Shinge a hannunsa yake, shi ke cewa a buɗe ko a rufe. Aikin tafinta shi ne ya faɗi abin da hafsa ya faɗa da harshen masu wucewa, ba ƙari ba ragi.

Ƙa'idar hanyar guda ce. Daga la'asar zuwa magariba jama'a na kwarara zuwa Harami domin buɗe-baki, kuma ba a yarda kowa ya tsaya ba. In na gaba suka tsaya, na baya ba su sani ba, za su ci gaba da turowa, kuma tsofaffi da masu keken guragu su ke fara faɗuwa. Saboda haka in taro ya tsaya, ana fara gargaɗi da lasifika. In bai watse ba, askarawa su sarƙe hannuwa su tura. In abin ya ƙi, sai a kira mota a fara duba takardun zama. Wanda ba shi da iƙama, wato takardar zama, ya san inda motar ke kai mutum: tsarewa, sannan a mayar da shi ƙasarsu.

A wani lungu da ke bayan shingenmu akwai Hajja Kaltume, dattijuwa mai sayar da kunu da ƙosai. Kakanninta ta Sudan suka iso, a Makka aka haife ta, takardunta cikakku ne. Amma matan da ke girki a kewayenta, masu tuwo da masu masa, da yawansu aikin hajji ne ya kawo su suka zauna, ba su da komai a hannu. Dukkansu a kanti ɗaya suke sayen shinkafa da mai da sukari, wanda ke bakin lungun.

Kwana biyu kafin wannan Talata, Hajja ta mayar wa mai kantin wani buhun shinkafa da ƙwari suka ci. Gardama ta tashi, ya ture ta har kular kununta ta kife, sannan ya kira ta baiwa a gaban mutane. Wani ya ɗauka a waya. Kafin magariba babu gidan Bahaushe a Misfala da bai gani ba.

A ƙofar Hajja nake buɗe-baki, don haka ina zaune aka yi muhawara kan abin da za a yi. Ɗanta Usama, direban motar kai kaya, wanda Larabci ya fi sauƙi a bakinsa, ya miƙo mini wayarsa. Hotunan baƙar fata ne na Amurka sun cika titi, 'yan sanda sun tare su da garkuwa.

"Duba, ammi," ya ce, wato kawu da Larabci. "Can mutane suka fito, duniya ta gani. Mu kuma a ce wa uwata baiwa, mu ce alhamdu lillahi mu sha kunu."

Baba Idi tela, wanda ya girmi kowa a wurin, ya ajiye kofinsa. "Can suna da fasfon ƙasar a aljihu. Kai ma kana da katinka. Lami mai masa fa? In aka kwashe ta, kai za ka riƙe mata 'ya'ya?"

"Shekara nawa kuna cewa a yi haƙuri, Baba?"

"Haƙurin nan ne ya kai ka makaranta, har Hausarka ta karye."

Aka yi dariya, Usama bai yi ba. Ya ce 'yan sanda a ko'ina iri ɗaya ne, in sun ga baƙin mutum sai su ga matsala. Da suka juyo gare ni, na faɗi abin da na sani daga wurin aiki. Dokar ƙasar nan ta hana zanga-zanga, kuma ba a wasa da wannan. Amma ƙofar kai ƙara a buɗe take, kuma Hajja tana da shaidu.

Hajja tana kwashe ƙosai daga mai, ba ta ɗago ba ta ce, "Ku kuna ta maganar titi. Ni tambaya ɗaya nake da ita. Wa ke sayen shinkafarsa? Mu ne muke dafawa, alhazanmu su ci, shi ya ƙara firji a kanti. Ƙara zan kai, da ƙafata. Shinkafa kuma daga yau a nemi wani wuri."

Aka tsaya a kan haka. Ranar Talata bayan la'asar ita da Usama za su je ofishin 'yan sanda, su biyu. Ofishin yana ƙetaren babbar hanya, ta shingenmu ake bi.

Abin da babu wanda ya lissafa a cikinmu shi ne rakiya. A wajenmu ba a barin wanda aka ci wa mutunci ya tafi gaban hukuma shi kaɗai, balle dattijuwa. Ba wanda ya kira kowa. Hajja ta fito cikin mayafinta na zuwa biki, maƙwabciya ta ce bari in taka miki, ta gaba ma haka. Masu tuwo suka sauke tukwane, teloli suka rufe shago, masu dako suka biyo baya. Baba Idi da kansa yana ciki, da tsumman awo a wuyansa. Kafin ta iso bakin hanya lungun ya cika.

Askarin da ke ƙofar shinge ya ce su dakata ya tambayi hafsa. Hajja ta tsaya, sai duk na bayanta suka tsaya, rabinsu a kan hanyar alhazai. Samari suka ɗaga wayoyi sama. Daga inda nake ina ganin jama'ar da ke tahowa sun fara dunƙulewa, wani mai tura keken tsohuwa yana neman inda zai ratsa.

Mulazim Abu Nawaf ya dube ni. "Ya ustaz, zanga-zanga ce wannan?"

Na ce ba ita ba ce, amma bai tsaya jin bayani ba, kuma ban ga laifinsa ba, hanya na toshewa. Ya ce in sanar da su su watse nan take. Na ɗaga lasifika na faɗa da Hausar da na karanta labarai da ita, kowace kalma a wurinta: an haramta tsayuwa a nan, hukuma na umartar kowa ya koma inda ya fito. Suka dube ni, wasu har suka gyaɗa kai. Babu wanda ya motsa. Na maimaita, haka nan.

Askarawa suka sarƙe hannuwa. A layin gaba na hango Lami mai masa, goye da jaririnta, tana gyara wa Hajja mayafi. Mulazim ya cire oba-obarsa daga ƙugu. Na san kiran da ya rage, kuma na san in motar ta zo, rabin matan nan ba za su yi ƙaramar sallah a ɗakunansu ba.

Bai danna ba. Ya juyo ya ce, "Ba su ji ba ne?"

Na ce, "Sun ji."

"To me suke jira?"

Wannan tambayar ita ce abin da nake gode masa a kai har yau, domin ba ta cikin matakan aiki. Na gaya masa a taƙaice cewa rakiya ce. Waccan dattijuwar za ta kai ƙara, suka rako ta. Ɗan rakiya kuma ba ya juyawa don wani ya ce ya juya, abin kunya ne a gare shi. Sai wadda aka rako ta yi godiya ta sallame su.

Ya dubi hanya, ya dubi Hajja. Sannan ya karɓi lasifikar daga hannuna, ya taka da kansa zuwa wurinta. Ya gaishe ta, ya kira ta ummi, ya ce ƙararta za a saurara yau ɗin nan, amma in mutanenta ba su tashi daga hanya ba akwai tsohuwa irinta da za ta faɗi a baya. Ya miƙa mata lasifikar. A ƙa'ida ba a ba kowa ita sai tafinta.

Usama ya riƙe hannunta. "Ummi, in suka tafi, wa zai san mun zo?"

"Wanda ya kamata ya sani ga shi a gabana," ta ce. Ta juya lasifikar a hannunta, na matso na nuna mata inda ake dannawa.

"Jama'a, na gode, Allah ya bar zumunci. Rakiya ta isa haka. Lami, ƙaurin masarki nake ji tun daga nan. Idi, koma ka ƙarasa wa mutane ɗinkin sallarsu, nawa ma tun bara yake wurinka. Alhazai na ɗauke da azumi, wa zai ba su abin buɗe-baki in duk kuna nan kuna kallona? Ku koma. Allah ya kai kowa lafiya."

Aka amsa da amin, wasu na dariya, aka fara juyawa. Sai wata matsalar ta fito, domin komawa ta inda suka zo na nufin yin gaba da gaba da alhazai. Mulazim ya riga ya gani. Ya sa askarawa biyu suka janye ƙarfen shinge na gefe, wanda ke fita zuwa lungun baya, ya ce da ni in sanar da hanyar. Wannan karon da na yi magana kowa ya bi. Askarawan suka saki hannuwa, mai keken ya wuce da tsohuwarsa.

Na ce wa Hajja in tana so in bi ta ciki in yi mata tafinta. Ta ce in tsaya a kan aikina, Larabcinta ya fi nawa. Gaskiya ta faɗa. Suka ƙetara ita da Usama.

Muna shan ruwa a bakin shinge bayan kiran sallah, na yi wa mulazim godiya. Ya ce a ƙauyensu ma ba a barin tsohuwa ta je gaban hukuma ita kaɗai. Ya ƙara da cewa da ba su tashi bayan maganarta ba, da ya kira motar. Na yarda da shi a kan duka biyun.

Muhawarar lungun ba ta ƙare ba. Usama yana nan a kan cewa yawan mutanen ne ya sa aka saurari mahaifiyarsa. Baba Idi na cewa watsewarsu ce ta cece su. Hajja kan ce su bar surutu su taya ta sauke buhu. Ni abin da na ɗauka ya shafi aikinmu ne. Za a ba ku lasifika a ce ku faɗi abin da hafsa ya faɗa, kuma ku faɗa daidai. Amma in kun faɗa mutane ba su motsa ba, kada ku ƙara murya. Ku duba ku ga wa suke jira, ku gaya wa hafsanku tun kafin ya kai hannu ga oba-oba. Ba kowane hafsa ne zai tambaya ba kamar yadda nawa ya tambaya.

An kira mai kantin ofishin 'yan sanda a makon da abin ya faru, ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai sake ba. Matan lungun suka koma haɗa sayayyarsu wuri ɗaya, Usama na ɗauko musu shinkafa da kayan miya daga kasuwar Ka'akiyya a motarsa. Lami ta yi ƙaramar sallah a ɗakinta tare da 'ya'yanta.