Na Daina Ƙulla Alale a Leda

"Hajiya, wai ganye? Mu fa ma'aikatan ofis ne."

Haka wani kwastomana ya faɗa ɗazu, yana jujjuya alalen da na miƙa masa. Shekara shida ina sayar da abinci a Badarawa, sai watan nan na daina ƙulla alale a leda, na koma ganye.

Na ce, "Malam, leƙa kwatar nan ta ƙofar shago. A daminar bara ruwa ya shigo min har gwiwa, ya lalata min buhun wake biyu. Da muka yashe kwatar, ledar da ta toshe ta tawa ce. Na san ƙullin hannuna."

Ya ajiye alalen, ya tsallaka wajen maƙwabciyata mai leda.

Allah ya raka taki gona. Ganye ya fi tsada, wanke shi ma aiki ne, amma na gama cin riba da rani ina kwashe ta da bokiti da damina.

Masu sana'a, kowa ya leƙa kwatar ƙofarsa ya faɗa min gaskiya: sharar wa ke ciki?