Irin Kuɓewar Habboba

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sau uku ina farawa ina gogewa, domin ina tsoron in faɗi abin da ba haka ya faru ba a kan wadda ke kwance a ƙasa, ba ta da bakin gyara mini. Kuma ni iyakata aji shida, shi ma da Larabci, rubutun Hausa a waya na koye shi bayan na yi aure. Inda na tabbatar zan ce na tabbatar, inda nake shakka zan faɗa. Allah Ya yafe mini abin da na ƙara ko na rage.

A unguwar Bani Harisa ta Madina na tashi, a wani tsohon gida da muke hayar ɗakuna biyu na sama. Babanmu yana aiki a gonar dabino a Khaibar, ba ma ganinsa sai bayan mako biyu ko uku. Idan lokacin da Larabawa ke kira rabi'i ya zo, wato sanyi ya fara fita zafi bai shigo ba, to ganinsa ya ƙara wuya, don a lokacin ne suke hawa bishiya ɗaya bayan ɗaya suna sa wa macen dabino furen namiji. Gidan sai ya rage daga ni sai Umma da ƙannena mata biyu da kakarmu, mahaifiyar Baba. A Sudan aka haife ta, shi ya sa muke ce mata Habboba, wato kaka a bakin mutanen can. Ni kuma sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Uwata.

Saman benen nata ne. Ta jera gwangwanayen man girki da ta huda gindinsu, ta cika da ƙasar da Baba ke kawo mata a buhu daga gona. Akwai yakuwa, akwai lalo, akwai na'ana'a, amma kuɓewa ita ce 'yar gaban goshi. Ba irin ta kasuwa ba ce. Mahaifiyarta ce ta ƙullo irin a bakin zane lokacin da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar aikin hajji. Ba ta iso ba, a Sudan ta rasu. Habboba ta ci gaba da shukawa kowace shekara, har ta haye teku da shi. Duk shekara takan bar 'ya'ya goma sha wani abu su ƙosa a jikin itacen, su bushe, ta ɗaure su a tsumma ta rataye a ƙusa ƙarƙashin rumfa. Takan ce, "Uwata ba ta ga Madina ba, amma kuɓewarta ta gani."

Da an yi sallar magariba sai ta hura gawayi a kanun, ɗan murhunta na ƙarfe, ta ɗora gahawa. Iskar lokacin tana da sauran sanyi, sai mu matso mu kewaye wutar, ƙafafunmu a cikin zanenta. Idan ta buɗe tatsuniya ƙannena sukan amsa mata da Larabci, ta kai musu dunguri.

"Ku amsa da bakin ubanku, 'yan nema. Wa ya ce muku tatsuniya tana jin Larabci?"

Akwai guda ɗaya da take yawan yi idan lokacin shuka ya matso. Wai an yi wani manomi mai tsananin jin kunya. Shekara ta yi wuya, abin da ya rage masa gero ne cikin gora guda, na iri, ya liƙe bakin da laka. Rannan baƙi suka sauka gidansa. Don kada a ce an zo gidan wane an kwana da yunwa, ya fasa gorar a ɓoye ya ba matarsa, ya ce sayowa ya yi. Baƙi suka ci suka yi ta sa albarka. Da ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, shi ma ya ɗauki gorarsa ya cika da tsakuwa ya fita. Yana sara yana jefa tsakuwa yana rufewa da diddige. Maƙwabta suka ce, "Sannu da aiki," ya ce, "Yauwa." Gonar kowa ta tsiro, tasa babu komai, ya ce ai nasa irin mai nauyi ne, sai a hankali. Ya yi noman fari, ya yi maimai, a kan ƙasa tsirara. Da kaka ta yi ya ɗaure damman ciyawa ya cika rumbu ya rufe. Matarsa da 'ya'yansa suna kallon rumbu suna jin daɗi, har ranar da aka buɗe. A nan Habboba takan juya gawayi. Sai ta ce mutanen gari sun zo jana'izar ƙaramin ɗansa da yunwa ta kashe, tsohon garin ya dube shi ya ce, "Wane, ranar da ruwa ya sauka, mu arba'in ne a bakin gona. Da ka buɗe baki, da kowa ya ba ka tafi guda."

Ƙannena ba sa son wannan tatsuniya, babu waƙa a cikinta, babu dariya. Ni kuwa nakan kasa barci ina tunanin yaron.

Shekarar da nake da goma, ko sha ɗaya, Babbar Sallah ta faɗo daidai lokacin shuka. Baba ya aiko da rago tun saura kwana goma, aka ɗaure shi a saman bene don babu wani wuri. Habboba ta ce ba za ta shuka kuɓewa ba sai an yanka shi, kada ta yi wa rago noma. Ta riƙa tara kashinsa a gefe tana cewa ko ba komai ya biya kuɗin haya.

Ranar Sallah gidan ya cika. 'Yan'uwan Umma sun zo daga unguwar Ƙurban da 'ya'yansu, maza suna ƙasa wajen fiɗa, mata suna kicin, Habboba tana ɗaki tana karɓar gaisuwa. Umma ta ce za a yi tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, wadda mutanen Sudan ke kira weka, don Baba ya gaji da shinkafar gona. Ta ba ni yankakkiyar kuɓewar miya a faranti, ita ke nan ta rage a gidan, ta ce in hau sama in daka in tankaɗe.

Na hau na tarar da yara suna wasa. Akwai wani wasa da 'ya'yan kawuna suka gano a wajen Turawan kamfanin da ubansu ke aiki. Ana jefo ƙwallo, kai kuma ka make ta da sanda ka ruga ka zagaye wurare huɗu kafin a cafko ta. Mu sandarmu reshen dabino ce, ƙwallon kuma safa ce da aka naɗe da salatif, wurare huɗun takalma. Na ajiye farantin a kan katanga na ce bari in buga sau ɗaya. Sau ɗayan na buga. Ƙwallon ta daki farantin, ya kife ya faɗa can bayan gidan, cikin kwatar da ruwan wankin hanji ke bi.

Babu wanda ya lura sai ni, suna can suna ihun in ruga. Na tsaya ina jin muryar Umma daga ƙasa tana cewa, "Yalla, maza 'yata, ruwa ya tafasa." Na ɗaga kai na ga tsumman Habboba a ƙusa. A raina na ce kuɓewa ai kuɓewa ce. Na san ta iri ce, ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Na yi niyyar ɗaukar rabi, amma da na daka sai na ga garin bai kai ko'ina ba, na juye sauran.

Ta yi tauri kamar itace. Na daka har hannuna ya yi kanta, na tankaɗe, ɗan gari ya sauka, rariya kuwa ta cika da tsaki da ƙwayoyi masu yawa da taɓarya ba ta fasa ba. Na juye su a leda, na cusa cikin babbar ledar shara da aka zuba tumbin rago, na tura tsumman a bayan gwangwani.

Miyar ba ta yi yauƙi ba, sai ɗaci da ƙaiƙayi a maƙogwaro. Umma ta ɗanɗana ta yamutsa fuska.

"Wannan weka ta tsufa. Ma'alesh, ba komai, a zubar, a kaɗa lalo."

Matar kawuna ta ce, "Ko dai hannun mai dakan ne? Wannan in an kai ta gidan miji sai an haɗa mata da injin niƙa." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Ledar sharar ta kwana biyu a bakin ƙofa, don motar shara ba ta shigo lungunmu ba sai rana ta uku. Wannan na tabbatar, domin duk fitar da zan yi sai na dube ta. Da yamma kuma muna zama a bakin kanun kamar kullum, ƙafata a cikin zanen Habboba, tana ba ni gasasshiyar hanta a baki tana cewa, "Ci, Uwata, kin rame." Sau da yawa maganar tana zuwa har bakina. Sai in ce gobe.

Rana ta huɗu, ko ta biyar, baƙi sun watse, Baba ya koma Khaibar. Habboba ta hau sama da safe ta ce in zo in taya ta. Muka cuɗa ƙasa da kashin rago, muka yayyafa ruwa, ta bi gwangwanayen tana huda rami da yatsa. Sannan ta miƙa hannu wajen ƙusa. Ta shafa bango. Ta duba ƙasa, ta duba bayan rumfa, ta ce ko iska ce. Da na ga ta durƙusa da wannan gwiwar tata mai ciwo tana leƙa ƙarƙashin tankin ruwa, sai na faɗa mata. Na faɗi duka, har da ƙwallon.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan bokiti, ta ce, "Kin tankaɗe?"

Na ce e.

"To alhamdu lillahi. Ƙwayar kuɓewa ba ta fasuwa da dakan yaro. Ina tsakin?"

Na sunkuyar da kai.

"Uwata, ina tsakin da ya rage a rariya?"

Na ce yana cikin shara. Ta miƙe da saurin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta je bakin katanga ta leƙa ƙofar gida. Wurin a share yake.  Sannan ta tambaye ni yaushe motar ta zo, na gaya mata. Na ga tana lissafi da yatsu, ta kai biyu ta tsaya.

"Kwana biyu yana bakin ƙofa," in ji ta. Ba da ni take ba.

Ta dawo ta bi ramukan da ta huda ɗaya bayan ɗaya tana rufewa da tafin hannu.

Baba ya kawo mata iri daga gona, doguwar kuɓewa koriya. Ta shuka don kada ya ji babu daɗi, ta yi kyau kuwa, amma ban taɓa ganin ta ci ba, kuma ba ta bar ko ɗaya ya ƙosa ba. Ba ta gaya wa Umma abin da na yi ba, cewa ta yi ɓera ne. Tatsuniya ba ta fasa ba, sai dai ta manomin nan ba ta sake yin ta ba. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce ta yi mana ita. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Na manta ta, tsufa." Shekara biyu bayan nan ta rasu, a nan aka binne ta.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana hana cin iri ne. Sai da na girma na gane cin irin shi ne ƙaramin laifin mutumin. Mai baƙi a gida da tukunya a wuta yana iya yin wauta, kowa ya san haka. Abin da ya kashe ɗansa shi ne "yauwa" da ya ce a bakin gona. Ni an ba ni wannan tatsuniya ta fi sau goma, a kunnena, da Hausar da nake ji sarai, kuma da ranar ta zo sai na ɗauki gorata na cika da tsakuwa. Yanzu ko kofi na fasa a gidan mutane sai na bi mai gidan na faɗa, har 'ya'yana suna mini dariya. Na gwada ba su tatsuniyar sau ɗaya. Babbar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce da Larabci, "Umma, ai ana sayar da iri a kasuwa." 

Dalilin rubutun shi ne wannan. Bara, da Umma ta kwanta ciwon ajali, na gaya mata gaskiyar ɓeran. Ta ce ta daɗe da zargin haka. Sannan ta ce akwai shekarar da Habboba ta ba wata mata tafi guda na irin, tun kafin in yi wayo. Mutuniyar Chadi ce, mijinta yana hawan dabino tare da Baba a Khaibar. Umma ba ta tuna sunanta ba, ta dai ce tana da tsaga uku a kumatu kuma ana kiranta da sunan ɗanta na fari. Mun je Khaibar da mijina, gonar ta canza hannu, ma'aikatan duk sababbi. Wani tsoho ya ce yana jin an mayar da su gida shekarun baya, wani ya ce a'a, sun koma wajen Ƙurban.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta, a nan Madina ko Khaibar, ko Chadi, ko Sudan, ko can ƙasar Hausa inda ta fito. Kuɓewar gajera ce, ba ta wuce babban yatsa ba, mai kauri, kanta ja-ja, jijiyar ganyenta ma ja. Tana da gashi mai sa ƙaiƙayi, sai an sa tsumma ake tsinkarta. Ina jin furenta yana da duhu a tsakiya fiye da na kasuwa, amma wannan ban tabbatar ba. Wanda ya san matar, ko 'ya'yanta, ko ya taɓa ganin irin wannan kuɓewa a bayan ɗakin wata tsohuwa, don Allah ya bar saƙo a wajen wanda ya turo masa rubutun nan, zai iso gare ni. Ƙwaya biyar ta ishe ni. In ma ba za a iya ba ni ba, a gaya mini kawai tana nan, wani yana shuka ta.