Mutum Biyu Sun Roƙi Kwano Ɗaya

Mun tashi da asuba daga Kano ranar Laraba, ni da direba da ƙanin matata. Sana'ata sayen riɗi. Na fara ta ina bin ƙauyuka a keke da buhu biyu, har Ubangiji ya kai ni inda nake tura kaya a manyan motoci. A ƙarƙashin kujerata akwai tsohon kwanon awon da na fara sana'a da shi, bakinsa duk ya lanƙwashe. Shi ne dalilin tafiyar, ko da yake a lokacin ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Kwana huɗu kafin nan Malam Ilu ya kira ni. Dattijo ne manomi a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. Shi ya fara sayar mini da riɗi a ƙasar nan, kuma abin da ya ce a garinsu shi ake bi. Bayan doguwar gaisuwa ya ce roƙonsa ɗaya ne: in zo da kaina, in taho da tsohon kwanona. Na tambayi dalili, ya ce in na zo ma yi magana.

Shekara uku rabona da garin, wakilina na Gumel ke saya mini. Abin da ya hana ni sukuni shi ne bana rabin buhunan da na aika can sun dawo ba komai a ciki. A sana'armu, in manomi ya karɓi buhunka, ya yi maka alkawarin amfanin gonarsa ke nan. In ya maido, ya sallame ka ba tare da ya buɗe baki ba. Kuma in garin Malam Ilu ya kuɓuce mini, ƙauyukan kewaye bin sa za su yi. Ni dai na riga na yanke hukunci tun a gida: tsoho ƙarin farashi yake so, kwanon kuwa don ya tuna mini zamanin keke ne zuciyata ta yi laushi.

Hanya ba laifi, sai dai wuraren da direba ke rawa da mota yana kauce wa ramuka. Gonaki an gama girbe gero, zoɓo ya yi ja a gefen titi. A Gagarawa muka tsaya karin kumallo. Ƙosan da bara ake ba ka biyar yanzu uku ne, su ma sun rame kamar sun yi jinya. Wani mutum ya matso teburin mai shayi ya tambaye ni nawa riɗi yake a Kano, wai don sani kawai. Na dubi allurar ɗinkin buhu da ta leƙo daga aljihunsa, na ba shi farashin makon jiya. Ƙanin matata ya yi ta dariya a mota yana cewa ba mai iya rufe ni. Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata.

Mun shiga Gumel da hantsi, 'yan adaidaita na ta saƙa tsakanin amalanken shanu. Wakilina ya tarbe mu da kaza da tuwo miyar kuka. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, ɗan wata dattijuwa a cocinmu, ni na tsaya masa ranar aurensa. Tun kafin mu wanke hannu ya fara roƙona in huta. Hanyar ƙauyen yashi ce, bayana ba zai ɗauka ba, shi zai je ya jiyo abin da tsoho yake so. Na ce a raina, ga mai tausayina.

Da ya buɗe mota zai ɗauko jakata, sai ya ga kwanon. Ya ɗaga shi da hannu biyu.

"Baba, wannan ne wanda kake ba mu labari? Don Allah ka bar mini shi. In rataye a shago, albarkar da ta bi ka ta bi ni."

Maganar ta shige ni. Saura kaɗan in ce ɗauka. Abin da ya tsayar da ni kawai shi ne ban saba ba da amsa a tsaye ba, ko a ciniki ko a gida. Na ce ya mayar, ma yi magana gobe.

Da safe kafin mu fita na buɗe Maganar Allah kamar kullum. Kirsimeti na gabatowa, karatuna ya kai wurin sarkin nan da ya roƙi masanan gabas su dawo su gaya masa inda jariri Yesu yake, wai shi ma ya je ya yi sujada. Na sha karanta wurin, amma ran nan sai na lura ba roƙon da ya fi nasa daɗin ji, ga shi kuwa kisa ne a ƙarƙashinsa. Na kuma tuna Yesu yakan tsaya ya tambayi mai roƙo abin da yake so a yi masa, ko da makaho ne da kowa ke ganin damuwarsa. Ni kuwa mutum biyu sun roƙe ni kwano ɗaya. Na farko na fassara shi da kaina, na biyu na kusa ba shi don ya sa albarka a maganar. Ba wanda na tsaya na auna.

Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya shirya ƙafarsa. Raƙuma, shanu, tumakin Nijar masu tsayi kamar maruƙa, 'yan canjin sefa da damin kuɗi a hannu, manyan motoci sun toshe hanya babura na kutsawa ta ƙarƙashin hancinsu. Na sayi cuku da dabino na tsaraba, ƙanin matata ya ci kilishi har ya manta da mu. Ni kuwa ko zama na kasa. In taya riɗi, kafin mai kaya ya amsa na yi gaba.

A rumfar wani mai buhu wakilina ya sake tayar da maganar kwanon. Wannan karon na tambaye shi me zai yi da shi, kuma me ya sa sai yau, ba jibi ba in na dawo daga ƙauye. Amsar ta yi tsawo. Ta bi ta kan mahaifiyarsa, ta bi ta kan wani mafarki, ba ta iso wurin tambayata ba. Daga baya ya ce gobe Juma'a ce, ba zan sami kowa ba. Da na ce da sassafe za mu je, sai ya tuna yana da mota da zai loda. A ciniki na san abu ɗaya: in aka hana mutum abin da ya roƙa don alheri, yakan yi haƙuri. In hankalinsa ya tashi, akwai abin da bai faɗa ba.

Juma'a muka bi hanyar Sule Tankarkar. A kan yashi dai wakilina bai yi ƙarya ba. Motar ta kafe, muka bar direba da ita, muka hau babura. Malam Ilu ya tsufa, amma hankalinsa na nan. Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, wata Bafulatana ta dama mana fura da nono mai kauri. Na zauna ina jiran maganar farashi, har na shirya iyakar abin da zan ƙara. Ba ta zo ba. Sai ya sa aka jawo buhu ɗaya daga zaure, maza kamar goma suka matso.

"Mai riɗi, buhun nan, wakilinka ya auna shi ya ce kwano talatin da biyar ne. Na ce a bar mini shi tukuna. Idona ya yi rauni. Auna mini da hannunka."

Na durƙusa na fara awo da tsohon kwanona, ana ƙirgawa da ƙarfi. Da muka wuce talatin da biyar muryoyin suka ragu, ni kaɗai nake ƙirga. Arba'in cif.

Ba wanda ya ce sata. Na tambayi Malam Ilu me ya sa bai faɗa mini a waya ba.

"Ɗan cocinku ne, kai ka aurar da shi. In na faɗa, ka ce tsoho ya sa addini a ciniki. Kuma ban sani ba ko kai ka aiko shi da kwanon da yake awo da shi. Da ka ƙi zuwa da wannan, da na sani."

 Shekara uku mutanen nan suna zaton watakila Kiristan da suka amince da shi ne ke cutarsu, ni ina Kano ina murna kaya na zuwa. Roƙon da na ɗauka dabarar ciniki ce ashe dama ce aka ba ni in wanke sunana, da sunan da nake ɗauke da shi. Na ba su haƙuri a gaban kowa. Na ajiye kwanon a gaban Malam Ilu na ce daga yau da shi za a auna duk riɗin da za a sayar mini, kuma a ɗakinsa zai kwana. Ya juya shi ya duba gindin, ya ce in aiko da buhuna ranar Litinin.

Da la'asar muka koma Gumel. Na ce wa wakilina ya kawo kwanon da yake awo da shi. Na ɗora shi a kan siminti, ya kasa zama, sai lilo yake yi. An bubbuga gindinsa da taɓarya ya turo waje, yana cin riɗi fiye da ƙa'ida. Ya durƙusa yana kuka, roƙonsa na farko shi ne kada mahaifiyarsa ta ji, kada fasto ya ji. Na jira ko zai ambaci manoman. Bai ambata ba. Na ce na yafe masa, kuma har zuciyata na yafe, amma awo ya fita daga hannunsa, sai ranar da ya je ƙauyen da ƙafarsa ya tsaya a gaban mutanen da ya cuta.

Mun iso Kano Asabar da rana. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne Allah kaɗai ke ganin zuciya, ni ba na gani, duk da taƙamar da nake yi. Abin da ke hannuna shi ne in tambaya, in jira, in je in duba, kada in bar daɗin lafazi ko zargina su yanke mini hukunci. Matata na kwashe tsaraba ta leƙa ƙarƙashin kujera ta ce ina kwanon, wa ya roƙe shi. Na ce mutum biyu. Ɗaya don ya rataye shi, ɗaya don a auna da shi.